Yadda Ake Yanka Haƙorin Zoben da Zai Karɓi Tsohon Lensin Kyamara

Tsofaffin lensi masu shiga kyamara ta hanyar murɗawa suna nan da yawa a hannun mutane, kuma da dama daga cikinsu gilashinsu lafiya lau yake, sai dai kyamarorin da aka ƙera su dominsu sun mutu ko kuma an daina amfani da su. Wanda ke da injin sassaƙa ƙarfe, wato let, ko kuma yake da maƙerin da ya yarda da hannunsa, yana iya yin zoben da zai haɗa irin wannan lensi da wata kyamara dabam, ko da injin buga hoto, ko da bututun ƙara kusanci. Aikin ba ya cin ƙarfe mai yawa, amma yana bukatar awo fiye da yadda aikin noti da kusa na yau da kullum yake bukata, domin kuskuren da ba zai hana noti ɗaurewa ba yana iya hana hoto fitowa sarai, ko ya cinye haƙorin lensin, wato zaren da ake murɗa shi da shi, alhali ba a ƙara yin irin lensin.

Kafin a taɓa injin

Abu na farko shi ne a tabbatar da irin haƙorin da ke jikin lensin, domin akwai waɗanda faɗinsu ɗaya ne amma tazarar haƙorinsu ta bambanta, kuma ido kaɗai ba ya rarrabe su. Wanda ya fi yawa shi ne M42, mai faɗin milimita 42 da tazarar milimita 1 tsakanin haƙori da haƙori. Ya fito ne a Jamus ta Gabas a 1949 a jikin kyamarar Contax S ta birnin Dresden da kuma Praktica, daga baya kamfanin Asahi na Japan ya ɗauke shi a kyamarar Pentax a 1957, ya bazu har aka riƙa kiransa da sunan Pentax. Mafi yawan lensin Takumar na Japan da Helios-44 na Tarayyar Sobiyet wannan haƙorin ne da su. Sai dai kuma kamfanin da yanzu ake kira Tamron ya fito da haƙorin T, wanda shi ma faɗinsa milimita 42 ne, amma tazararsa 0.75 ce. Idan aka murɗa ɗaya cikin ɗayan zai shiga kamar zagaye ɗaya sannan ya cije, kuma mai gaggawa da ya ƙara ƙarfi a wannan gaɓar ya gama lalata guda biyun.

Na Leica ya fi wannan rikitarwa. Kamfanin Ernst Leitz da ke Wetzlar ya fara sayar da kyamara mai canjin lensi a 1930, ya daidaita awonta a 1931, kuma ko da yake ana rubuta sunan haƙorin M39, ba na milimita ne zalla ba. Faɗinsa milimita 39 ne, amma tazararsa ta inci ce, haƙora 26 a inci ɗaya, wato kusan milimita 0.977, kuma kusurwar haƙorin digiri 55 ce irin ta Whitworth ta Ingila maimakon digiri 60 na haƙorin milimita. Mafi yawan lensin injin buga hoto na ɗakin duhu wannan haƙorin suke amfani da shi. A gefe guda kuma, kyamarorin Zenit na farko da aka ƙera a Krasnogorsk ta Tarayyar Sobiyet suna da haƙori mai faɗin 39 da tazarar milimita 1 cif. Bambancin 0.977 da 1 bai kai milimita 0.1 ba a tsawon haƙora huɗu, saboda haka ma'aunin haƙori, wannan mai ganyayyaki masu kama da matsefi, ba lallai ya nuna shi a ɗan gajeren haƙorin bayan lensi ba. A nan sai a haɗa awo da sanin asalin lensin, wato wane kamfani ya yi shi da kuma wace kyamara aka yi shi dominta. Akwai kuma haƙorin C na kyamarar fim mai milimita 16 da kyamarorin tsaro, wanda faɗinsa inci ɗaya ne da haƙora 32 a inci, da haƙorin gaban lensi inda ake ɗaura tacewa, wanda galibi tazararsa 0.75 ce, ƙananan kuma 0.5.

Abu na biyu, wanda a ganina ya fi haƙorin kansa muhimmanci, shi ne nisan da ke tsakanin kafaɗar da lensi ke zama a kai da fuskar fim ko sensa. Haƙori riƙewa kawai yake yi, kafaɗa ce take tsayar da lensi a inda ya kamata ya tsaya. Ga M42 wannan nisa milimita 45.46 ne, ga Leica 28.8, ga tsohuwar Zenit mai haƙori 39 kuma 45.2, ga T 55, ga C 17.526. Tsawon zoben, daga kafaɗa zuwa kafaɗa, shi ne nisan lensin a cire nisan kyamarar. Lensin M42 a kan Sony E mai nisan 18 yana bukatar 27.46, a kan Canon EF mai nisan 44 kuwa 1.46 kacal. Idan lissafin ya faɗi ƙasa da sifili, kamar M42 a kan Nikon F mai nisan 46.5, to babu zoben ƙarfe zalla da zai sa a ga abin da ke nesa sarai, gara a san haka tun kafin a sayi ƙarfe.

Domin bayanin ya tsaya a kan abu guda, za mu bi zoben da zai ɗora lensin M42 a kan kyamara mai haƙorin Leica. Na zaɓe shi ne saboda ya haɗa nau'i biyu: macen haƙori ta milimita a gaba, namijin haƙori na inci a baya. Tsawonsa daga kafaɗa zuwa kafaɗa 45.46 a cire 28.8, wato milimita 16.66. Irin wannan zobe ba ya motsa ma'aunin nisa na cikin kyamarar, don haka mai hoto zai dogara ne da lambobin da ke jikin lensin.

Ƙarfe, wuƙa da giyar inji

Tagulla ta fi daɗin yanka, haƙorinta yana fita da santsi, kuma ba ta manne wa alminiyom ɗin da akasarin gindin lensi yake da shi. Alminiyom irin 6061 ya fi sauƙin nauyi da araha, amma idan ɗanyen alminiyom ya goga da ɗan'uwansa cikin matsi yakan kama, ya yi ƙuraje, har a kasa kwancewa. Wanda zai yi amfani da shi ya bar ɗan sarari a haƙorin. Kada a yi amfani da alminiyom ɗin narkakken tukwane ko na tsohon fistin da aka zuba a ƙasa, domin cikinsa cike yake da ƙananan ramuka, kuma haƙori mai zurfin rabin milimita ba ya tsira a irin wannan ƙarfe. Guntu mai faɗin milimita 60 da tsawon 50 ya isa, har da wurin da cak, wato bakin injin da ke riƙe ƙarfe yana juya shi, zai kama.

Ana bukatar wuƙa biyu ta haƙori: ta ciki mai digiri 60 da ta waje mai digiri 55. Wuƙar ƙarfen da ake wasawa da hannu ta fi dacewa da wannan aiki a kan ƙaramin inji fiye da kabaid, wato tsini mai tsananin tauri da ake sayowa a shirye, saboda tana yin kaifi sosai kuma ba ta damu da a yi tafiya a hankali ba. Idan tagulla za a yanka, a bar saman wuƙar a shimfiɗe ba tare da gangara ba, in ba haka ba za ta fizgi kanta cikin ƙarfen. Idan alminiyom ne, a ba ta gangara, a goge bakinta da dutse mai laushi, a riƙa ɗiga kananzir domin kada ƙarfen ya liƙe a tsininta. Dole tsinin wuƙar ya zauna daidai tsakiyar aikin, kuma a saita ta da ɗan ma'aunin kusurwa domin ɓangarorinta biyu su yi daidai. Haƙorin da aka yanka da karkatacciyar wuƙa yakan shiga da wuya ko da awonsa ya yi daidai.

Daga nan sai giya, wato fayafayai masu haƙora da ake jerawa a inji su tsayar da tazarar da wuƙa za ta yanka. Doguwar sukurun da ke jan keken wuƙa ko dai ta inci ce ko ta milimita, kuma a wannan aiki dole ɗaya daga cikin haƙoran biyu ya saɓa mata. Giya mai haƙora 127 ce ke sasanta su, domin inci ɗaya milimita 25.4 ne, kuma 127 shi ne 25.4 sau biyar. A injin da sukurunsa ke da haƙora 8 a inci, kamar Myford na Ingila, ana samun tazarar milimita 1 idan giya 40 ta ja giya 127, ana kuma samun haƙora 26 a inci idan giya 20 ta ja giya 65. A injin da sukurunsa ke da tazarar milimita 3, milimita 1 ba ta da wahala, amma haƙora 26 suna bukatar jeri biyu: 127 ta ja 65, sannan 20 ta ja 120. Ƙananan injuna da ba su da wurin giya 127 suna da jerin da ke kusantar awon, kuma a haƙori huɗu ko biyar wannan ɗan bambanci ba ya yin illa. Abin da ba shi da kyau shi ne a ce 0.977 ai ɗaya ne, a yanka 1 a wuce, domin zoben zai riƙa cin haƙorin kyamarar a duk lokacin da aka ɗaura shi.

Akwai doka guda da ba a karya ta: idan haƙorin da ake yankawa ya saɓa wa sukurun injin, ba a sakin hannun da ke kama sukurun daga farkon aiki har ƙarshensa. A ƙarshen kowace tafiya a janye wuƙa, a juya injin baya har keken ya koma mafari, a mayar da wuƙa, a ƙara zurfi. Agogon haƙori na jikin keke, wanda ke nuna lokacin da za a sake kama sukurun, ba ya aiki a nan.

A fara da ma'auni

Kafin zoben, a yanka ɗan toshe mai namijin haƙori M42 da kafaɗa mai kyau. Wannan toshe zai yi aiki biyu: shi za a riƙa gwada macen haƙori da shi maimakon a riƙa cusa lensi cikin ɓarɓashin ƙarfe, kuma a kansa za a ɗaura zoben idan an zo yin bayansa. A sassaƙa shi zuwa milimita 41.95, a yanka haƙorin zuwa zurfin kusan 0.61, sannan a auna shi da waya uku. Ana sa wayoyi masu kaurin 0.577 a cikin kwarin haƙorin, biyu a gefe ɗaya, ɗaya a ɗaya gefen, a ɗora maikuromita, wato ma'aunin kauri mai auna ƙasa da milimita, a kansu. Cikakken haƙorin M42 mai tazarar 1 zai ba da 42.22. Ana iya gwada toshen a bakin wata tsohuwar kyamarar Praktica ko Zenit mai bakin M42 da ta mutu, ko cikin bututun ƙara kusanci na asali. Ya kamata ya shiga da yatsu biyu har kafaɗa ba tare da girgiza ba.

Macen haƙori ta gaba

A kama guntun ƙarfen, a share fuskarsa, a huda tsakiya, a faɗaɗa ramin da sandar ƙwaƙule ciki zuwa milimita 34 har ya zarce tsawon zoben. Sannan a buɗe bakin zuwa 40.92, wanda shi ne faɗin cikin macen M42, zuwa zurfin da ya ɗan fi tsawon haƙorin lensin. Wannan tsawon a auna shi a jikin lensin da ke hannu. A ƙarshen wannan rami a yanka ɗan kwari mai faɗin milimita 1.5 zuwa 2 wanda ya ɗan zarce 42, inda wuƙa za ta fita ta huta, a kuma fiƙe bakin ramin kaɗan domin haƙorin farko ya karɓi lensi cikin sauƙi.

A wannan mataki ne ake yanke shawara a kan ɗan tsinken da ke bayan lensin M42 masu yawa. Wannan tsinke shi kyamara ke dannawa domin ƙofar haske, wato ramin cikin lensi da ke rage ko ƙara haske, ta rufe zuwa lambar da aka zaɓa. Lensin da ke da makunni mai alamar A da M ba shi da matsala, sai a mayar da shi M. Wanda ba shi da shi kuwa zai tsaya a buɗe har abada sai an bar masa leɓe a cikin zoben da zai danna tsinken yayin da aka murɗa lensin har ƙarshe. Matakin da ke tsakanin rami 40.92 da rami 34 yana iya zama wannan leɓe idan aka auna zurfinsa da kyau: ya danna tsinken ya shige, amma kada ya taɓa gindin lensin kafin kafaɗa ta zauna. A kuma juya lensin zuwa alamar nesa ta ƙarshe a duba yadda gilashin baya yake leƙowa, domin a wurin ne ya fi fitowa, kuma kada ya gogi komai.

Tafiyar farko ta wuƙa ta zama ƙarce kawai, wadda ba ta wuce milimita 0.02 ba, sannan a tsaya a ɗora ma'aunin haƙori a kan layin. Giya ɗaya da aka sa ba daidai ba a nan take bayyana, tun ƙarfen bai ɓaci ba. Haƙorin gajere ne kuma yana ƙarewa a jikin bango, saboda haka ni na fi son a kashe wuta gaba ɗaya, a cire fulogi, a juya cak da hannu ko da mariƙin da aka sa a bayan sandar injin. Hannu yana jin lokacin da wuƙa ta faɗa kwari, kuma babu fargabar ta daki bango. A fara da zurfin 0.1, a riƙa ragewa zuwa 0.05 sannan 0.02 yayin da yankan ke faɗaɗa. Zurfin da lissafi ya bayar 0.54 ne ga wuƙa mai ɗan dakusasshen tsini, amma mai tsini sosai tana iya kai wa kusan 0.65 kafin toshen ya shiga. A lura ko lambobin da ke jikin mariƙin injin suna nuna zurfi ne ko ragin faɗi, domin a wasu injuna ninki biyu ne. Daga 0.5 a fara gwada toshe bayan kowace tafiya, a wanke haƙorin da buroshi tukuna. Sandar ciki tana ɗan lanƙwasa, don haka a maimaita tafiya ɗaya ko biyu ba tare da ƙara zurfi ba kafin a yanke hukuncin cewa bai isa ba.

Da toshe ya shiga yadda ake so, kada a kwance aikin. A sake share fuskar gaba da yanka mai laushi a wannan kamun, domin kafaɗar ta tsaya daidai da haƙorin. Idan fuskar ta karkata ko da kaɗan ne, gefe ɗaya na hoto zai fito sarai ɗayan kuma dishi-dishi, kuma babu juyin lensi da zai gyara hakan. Bayan haka a datse zoben da rarar tsawo.

Namijin haƙori na baya

A mayar da toshen cikin cak, a saita shi da agogon awo har ya daina rawa, a sake share kafaɗarsa kaɗan, sannan a murɗa zoben a kansa. Wannan ya fi kama zoben kai tsaye da cak mai baki uku, wanda yakan matse siririn zobe ya zama mai kusurwa uku, a yanka shi a haka, da an sake shi kuma haƙorin ya tashi daga da'ira. Matsalar ta fi tsanani a siririn zoben da ke ɗora lensin injin buga hoto mai 39 cikin bakin 42, inda bangon da ke tsakanin haƙoran biyu bai kai milimita ɗaya ba. Juyin injin gaba yana ƙara ɗaure zoben a kan toshen, amma yanka da juyin baya zai kwance shi, don haka baya ta mayar da keke ce kawai, wuƙa a janye.

A sassaƙa wuyan baya zuwa kusan 38.9, tsawonsa kada ya wuce na asalin lensin Leica ko na Zorki, kwaikwayonta na Tarayyar Sobiyet, saboda a bayan bakin kyamarar akwai hannun ma'aunin nisa wanda dogon wuya zai iya dannewa ya lanƙwasa. A yanka kwarin fita a gindin kafaɗa, a canza giya zuwa haƙora 26, a sa wuƙa mai digiri 55, a yi ƙarcen gwaji kamar da. Zurfin haƙorin Whitworth a wannan tazara kusan 0.63 ne. Asalinsa ƙolinsa zagayayye ne, saboda haka bayan an gama a bi saman haƙoran da magagari mai laushi a kashe kaifinsu. A gwada da murfin baya na ƙarfe ko zoben riƙe lensin injin buga hoto kafin a kusanci kyamara.

Saura kafaɗar baya, wadda ita ce ke ba da 16.66. A bar aikin ya huce kafin awo, domin alminiyom yana kumbura da zafi, kuma ɗumin digiri 20 yana ƙara kusan 0.02 a faɗin milimita 42. A auna kaurin da maikuromita a wurare huɗu na kewayen, kada su bambanta da fiye da 0.01 ko 0.02. Idan za a yi kuskure, gara zoben ya gaza da 0.02 zuwa 0.05 da ya zarce. Dalili kuwa lissafi ne: nisan da lensi zai iya gani sarai idan zobe ya yi tsawo kusan tsawon fokas ɗinsa ne, wato milimitar da ake kiran lensin da ita, a ninka da kansa, a raba da rarar. Rarar 0.1 a lensi mai milimita 50 tana tsayar da shi a mita 25, a lensi mai 28 kuwa ƙasa da mita 8, ko da an juya shi har ƙarshe. Gajeren zobe yana sa lensi ya ɗan wuce alamar nesa ne kawai, kuma ana iya cike gibin da siririn falle na tagulla.

Sau da yawa idan aka ɗaura komai sai a ga lambobin lensin sun koma gefe ko ƙasa. Wannan ya danganta ne da inda haƙori ya fara dangane da kafaɗa, kuma a tazarar milimita 1 kowane 0.1 da aka share daga fuska yana juya lensin digiri 36. Kada a gyara wannan ta hanyar share kafaɗa, domin an ɓata nisan ke nan. Wanda abin ya dama ya yi zoben gida biyu, na ciki mai haƙorin M42 yana juyawa cikin na waje, a ɗaure shi da ƙananan sukurori uku marasa kai, kamar yadda zoben T2 na lensi mai haƙorin T yake.

Cikin zoben da aka bari yana ƙyalli zai mayar da haske kan fim ya wanke hoton. Tun aikin yana kan inji a yanka ƙananan layuka masu tazarar 0.5 a bangon ramin 34, sannan a shafa baƙin fenti mara sheƙi, a kiyaye kada ya taɓa haƙori ko kafaɗa. Idan za a kai alminiyom ɗin a yi masa baƙin rini na lantarki, a tuna cewa duk kaurin da ya ƙaru a fuskar haƙori mai digiri 60 yana ninkuwa huɗu a faɗin shigarsa, don haka a bar masa sarari tun wurin yanka. A wanke zoben da sabulu da tsohon buroshin haƙori, a busar da shi sarai, kada a sa masa mai, domin mai yana tara ƙura kuma yana iya malalawa zuwa ganyayyakin ƙofar haske. Wurin ɗaurawa na farko a ɗora lensin a miƙe, a juya shi baya a hankali har a ji ɗan ƙas na haɗuwar mafarin haƙoran, sannan a juya gaba da yatsu. Gwajin ƙarshe a yi shi da ƙofar haske a buɗe gaba ɗaya, a kan wani abu mai nisan fiye da kilomita ɗaya kamar hasumiya ko turken sadarwa, da gilashi mai hazo a mazaunin fim idan bayan kyamarar yana buɗewa, ko kuma da fim ɗin gwaji idan irin tsohuwar Leica ce da ake loda ta ta ƙasa.